Baba da Auraki a Hanyar Birni

Kurna, Kano
Lahadi

Zuwa ga Yaya Barira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Baba da yara. Yaya zafi, yaya kuma haƙuri da wannan shekara? Allah Ya sauko mana da ruwa, Ya sa kada mu sake ganin fari irin na bara, amin.

Takardarki ta iso ta hannun Nababa direba. Na sha fama kafin na karanta, don har gobe rubutunki kamar kaza ta ratsa toka yake, amma na fahimci abin da ke ciki. Rumbu ya ƙare, kun koma dafa ganye, ga mijinki Sama'ilu tun da ya tafi ci-rani shiru. Wallahi ranar kasa cin abinci na yi.

To ga labari mai daɗi. Na samu buhun masara. Kada ki tambaye ni irin layin da na bi a rana kafin ya shigo hannuna. Matsalar yanzu ita ce kai shi gida. Nababa ya ce ko tsohuwarsa ce ta aiko ba zai ɗora hatsi a motarsa ba, saboda masu shinge a kan kwalta sauke duk buhun da suka gani suke yi, wai ɓoye abinci ake. Ni kuma babu halin in taho. A masaƙarmu kullum sai an sallami mutane, wanda ya yi fashin yini guda sai ya tarar an ba wani injinsa. Dabara ɗaya ta rage, Baba ya zo da jakin nan nasa, Auraki, ta hanyar ƙafa, ya ɗauka su koma ta cikin gonaki inda babu shinge. Tafiyar ba ta kai ta wuni guda ba, kuma mutumin da ya yi shekaru yana kawo itace birni yana komawa da taki ba za a koya masa tafiya ba.

Sai dai ki ja masa kunne, kada ya bi tsohuwar hanyarsu ta 'yan taki. Ta lalace. An ce a Kwarin Ɗinya akwai wasu samari da gorori da adduna, suna tare duk mai jaki su ƙwace kaya su ƙwace dabba, wanda ya yi gardama su bar shi a kwance. Ni na bi wata hanyar da ƙafata ranar hutu don in tabbatar. Ga ta nan, ki karanta masa a tsanake.

Ya fito da an idar da sallar asuba. In ya zo mararrabar bayan gari, inda tsohuwar hanya ta yi dama, shi ya yi hagu. Ya bi burtali har sai ya hango rimaye uku a tsaye wuri ɗaya, ya ratsa ta tsakaninsu. Gaba kaɗan zai ga makarantar firamare mai jan kwano, iska ta yaye rabinsa. Akwai rijiya a gefenta da har yanzu ake samun ruwa, ya cika gorarsa ya shayar da Auraki, don daga nan babu wani ruwa sai Kurna. In ya ɗaga kai a wurin zai hango Goron Dutse can nesa. Ya sa shi a kafaɗarsa ta dama, kada ya nufe shi.

Abin da na fi so ki nanata masa shi ne ramukan masu bulo. Sun haƙe ƙasa a bayan birni, ramuka ne da zurfinsu ya fi tsayin ɗaki, ba shinge ba komai. Amma jar ƙasarsu ana ganinta tun daga nesa, sai ya kewaye su. Daga nan badala na damansa har ya iso kwaltar Katsina. Ya duba hagu da dama kafin ya tsallaka, manyan motocin nan ba su san tsoho ba.

Ya shigo Kurna ke nan. Ya nemi dogon tankin ruwa, a bayansa akwai masallaci mai koriyar ƙofa. Daura da masallacin teburin Jaji mai shayi yake. Na riga na gaya masa, zai zaunar da Baba a inuwa ya haɗa masa mai kauri har in taso daga aiki. Kada ya ba kowa igiyar jaki, ko da an ce masa, "Baba kawo in riƙe maka." Kuma don Allah ya rage gaisuwa, nan ba Unguwar Gawo ba ce. In ya ce sai ya tambayi kowa iyali da gajiya, to magariba za ta yi masa a bakin titi.

In ya huta ina da wuraren da zan kai shi. Akwai wata mai fura a bayan tasha, damunta ba irin na kowa ba ne. Ranar Juma'a kuma in an sauko daga masallaci zan hau da shi Dutsen Dala, akwai inda ake bi ta gefe ba wuya, ya ga birnin nan gaba ɗaya a ƙarƙashin ƙafarsa. Shekara da shekaru yana wuce dutsen nan da mangalar taki, na tabbata bai taɓa hawa ba.

Abu na ƙarshe, in masara ta isa gida ku lallashe shi ya rabu da Auraki. Jakin nan ya kusa girme ni, ga ba harawa ba dusa, me ake da shi?

Ki gai da Baba da kyau, ki shafa mini kan Fadima da ƙannenta. Wassalam.

Ƙaninki,
Uwaisu


Unguwar Gawo, Rimin Gado
Juma'a

Auta,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, lafiyar da ake faɗa a baki. Na gode, Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare maka aikinka. Zancen rubutuna kuma, ajin yaƙi da jahilci na yi ba kwaleji ba, in ba ka so ka aiko mini da naka hannun.

Baba ya tashi tun shekaranjiya Laraba da asuba. Na san yanzu yana wurinka, wataƙila ma kuna can kan Dala kana cika shi da surutu.

Na karanta masa takardarka har sai da muryata ta dushe. Ya ce in sake, na sake, har ya haddace ta kamar karatun allo. Amma tambayoyinsa sun ba ni dariya. Wai rimayen nan uku, akwai tsuntsaye a kansu? Wai makarantar, yara suna karatu a ciki ko an watse? Da na zo kan masallaci mai koriyar ƙofa sai ya ce babu injin niƙa kusa da shi? Na ce Baba ina ruwanka da injin niƙa, ai ƙofar koriya ce shar, za ka gani. Sai ya ce haka ne.

Maganar sayar da Auraki kuwa, da na sani da na tsallake ta. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba tun rasuwar Inna. Ya ce, "Ki gaya wa yaron nan, ranar da za a fitar da jakin nan daga gidan nan, a haɗa da ni." Ka san awakinsa duk ya sayar bai ce uffan ba. Ɗan kunun da nake dama masa ma, na kama shi yana raba shi biyu yana kai wa jakin rabi a ƙwarya. Tsufa ne, me za a ce.

Ni dai tun da suka fita gabana ke faɗuwa. Na raka su bakin gari na tsaya ina kallonsu, Auraki a gaba duk haƙarƙari a waje, Baba a baya ya ɗora hannu a gadon bayansa kamar yadda ya saba yanzu saboda gwiwa. Na cika masa gora, na ƙulla masa ɗan ƙuli-ƙuli. Babu namijin da zai raka shi, duk masu ƙarfi sun fita ci-rani, gari daga tsofaffi sai mu mata. Jiya aka shigo da labarin wani mai kaji da aka sare a Kwarin Ɗinya, sai na gode wa Allah da ka canza masa hanya.

Kada ka riƙe shi da yawon birni. Fadima ta daina tambayar abinci, kwanciya kawai take yi, kuma wannan ya fi kukan tayar mini da hankali. Ka sallamo shi gobe da sassafe, in da hali ka ƙulla masa ɗan gishiri da kanwa.

Ina gai da Jaji mai shayi duk da ban san shi ba. Allah Ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Barira


Kurna
Litinin

Yaya Barira,

Salamu alaikum. Ki yafe mini, yau ba ni da doguwar gaisuwa. Baba bai iso ba.

Ni duk zatona bai taso ba tukuna. Kullum in na dawo daga aiki sai in tambayi Jaji, ya ce bai ga kowa ba, in ce to wataƙila gobe. Sai ranar Asabar da yamma Nababa ya miƙo mini takardarki. Da na karanta cewa tun Laraba ya fito, sai kawai na zauna a bakin kwata.

Jiya tun da duku-duku na bi hanyar da na kwatanta, daga nan har rijiyar makaranta. Ramukan masu bulo na fara dubawa. Yaya, ɗaya bayan ɗaya nake leƙawa, kowanne sai na karanta duk addu'ar da ta zo bakina kafin in sa ido. A wani na hango abu fari a ƙasa, na gangara ina zamewa, ashe tsohon buhu ne. Na daɗe a cikin ramin nan ban iya fitowa ba.

A rijiya na sami mata suna jan ruwa. Wata mai suna Safiyatu ta ce ta ga tsoho da farin jaki ranar Laraba da rana tsaka. Ta ce jakin yana ta turjewa yana son juyawa baya, tsohon yana jan igiya yana dukansa, abin da ban taɓa ganin Baba ya yi ba. Ya tambaye su hanyar Kurna. Ta nuna masa da hannu ta ce, "Baba, ka ga dutsen can? Ka bar shi a damanka." Ya ce, "Na gani, 'yata, Allah Ya yi albarka." Sai ya ja jakinsa ya nufi wani wajen daban, inda babu komai sai fako da ƙaya. Sun ɗauka ko kewayawa zai yi, ba su kira shi ba. Na shiga fakon nan har la'asar ina ƙwala kira, ba kowa.

Yau ban je masaƙa ba, su yi abin da za su yi. Na je wurin 'yan sanda, suka rubuta suka ce in dawo. Na zaga kasuwar dabbobi ina duba fuskar kowane jaki, har wani dillali ya fara yi mini kallon ɓarawo. A nan ne wani ya ce an tsinci gawar wani dattijo a bayan badala an kai asibiti. Na je. Ba zan iya gaya miki yadda na ji ba lokacin da ma'aikacin ya kama bakin mayafin zai ɗaga. Ba Baba ba ne. Na fito ina hamdala, sai kuma kunya ta kama ni, don shi ma uban wasu ne.

Daga nan ban san inda zan nufa ba, sai na tsinci kaina a kan Dala, inda na ce zan kai shi. Na tsaya ina leƙen lunguna ko zan hango farin jaki, kamar wani taɓaɓɓe. Birnin nan da nake cika miki baki da shi, yau tsoro ya ba ni. Gidaje ne har iyakar gani, ta ina zan fara?

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, me zai sa Baba ya ce ya ga dutse sannan ya ba shi baya? Ko rana ce ta taɓa shi? Don Allah ki tambayi duk wanda ya saura a gari. Ki duba ko Auraki ya koma gida shi kaɗai, in ya koma kada ki ɓoye mini. Na cusa 'yar masara a cikin jakar tufafi, Nababa ya yarda ya ɗauki wannan, ki dama wa yara.

Ki sa a yi addu'a a masallaci. Ni ne na rubuta hanyar nan, Yaya, ni na ce ya yi hagu.

Uwaisu


Unguwar Gawo
Laraba

Auta, ƙanina,

Amincin Allah ya tabbata a gare ka. Masara ta iso, yara sun sha kunu, Fadima ta tashi zaune. Auraki bai dawo ba. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta sauran.

Baba ba ya gani.

Da takardarka ta zo na rasa inda zan sa kaina, sai na fita gona, ni ma ban san me na je nema ba. Kafin ya tafi ya yi binne, ya zuba ɗan irin geron da ya ɓoye a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwan farko. Kai ka san layin shukar Baba, mutane har tsayawa suke su kalla. Auta, abin da na tarar ya sa na zauna daɓas a ƙasa. Saran sungumin ya karkace, ya hau kan hanya, ya tsallaka iyaka ya shiga gonar maƙwabcinmu Malam Usaini. Wani wurin ma rami kan rami ya sara.

Na wuce gidan Malam Usaini ban ko tsaya neman mayafin kirki ba. Na ce masa, Baba Usaini, don girman Allah me ke damun idon Baba? Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Barira, ashe ba ku sani ba? Mu mun ɗauka kun sani, rufa masa asiri kuke yi." Ya ce yanar ido ce, tun bara waccan ta fara, yanzu in ban da haske da duhu ba ya rarrabe komai. A masallaci in ya tsaya ya karkace daga alƙibla, sai na kusa da shi ya juya masa kafaɗa kamar gyaran sahu yake, ba wanda ya taɓa cewa komai. Wai ba a faɗa wa dattijo lalurarsa a fuska tun da shi bai faɗa ba. Su suna jin nauyinsa, ni ina cikin gida ban lura ba, shi kuma yana gudun ya zame mana kaya a shekarar da kowa ke neman abin da zai sa a baki. Haka muka taru muka sa makaho a hanya da kwatancen jan kwano da koriyar ƙofa.

Yanzu komai ya dawo mini. Hannun da yake ɗorawa a bayan Auraki ba gwiwa ba ce. Gona, rijiya, kasuwa, jakin ne ke kai shi ya dawo da shi. Tsuntsaye da injin niƙan da yake tambaya, abin da kunne zai kama yake nema, ni kuma ina ta dariya. Na yi kuka har idona ya kumbura. Kai ma kada ka ce laifinka ne kai kaɗai, ni nake miƙa masa ƙwarya kullum ban ga yana lalube ba.

To share hawaye ka saurare ni. Ka daina nemansa a inda ka kwatanta. Auraki bai san Kurna ba, bai san Jaji mai shayi ba. Hanya ɗaya ya sani zuwa birni, ita ce tsohuwar, shi ya sa yake turjewa. In Allah Ya sa Baba ya gaji ya sakar masa igiya, to gida ɗaya zai kai shi.

Kai kana ƙarami lokacin, ba lallai ka tuna ba. Kowane mai jaki a garin nan yana da gidansa a birni, inda yake kai itace ya kwashe musu toka da kashin awaki ya kawo gona, kuma ba mai shiga gidan wani. Na Baba gidan wasu Barebari ne kusa da Kasuwar Kurmi, Zangon Barebari ake ce wa unguwar. Uwar gidan sunanta Amsa, ita ce ta aiko wa Inna da turaren wuta lokacin sunanka. Tun da takin zamani ya shigo ya daina zuwa, ban san ko tana raye ba. Malam Usaini ya ce akwai ceɗiya a ƙofar gidan inda ake ɗaure jaki.

Na sani, tsohuwar hanya ta Kwarin Ɗinya ta bi. Tun jiya nake ƙoƙarin kada in yi wannan tunanin, amma ya ƙi barina. Ka je dai. Ko me ka tarar ka rubuto mini gaskiya, kada ka yi mini irin ta mutanen masallaci.

Allah Ya sa ka same shi da rai.

Barira


Zangon Barebari, Birnin Kano
Alhamis

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga Malam Kolo, ɗan Hajiya Amsa, zuwa ga 'yar'uwa Malama Barira, 'yar Malam Mati. Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki da iyalanki. Bayan haka, ina yi miki albishir, mahaifinki yana raye, yana gidanmu. Ƙaninki Uwaisu ya iso ɗazu, yana nan zaune a gefensa. Ya ƙi sakin hannun mahaifinku, ga mota za ta tashi, shi ya sa na karɓi rubutun.

Ranar Alhamis da ta gabata bayan la'asar, Hajiya tana tsakar gida sai ta ji kukan jaki a ƙofa. Ta ce, "Ku duba, wannan kukan jakin Mati mai taki ne." Muka ce Hajiya ai Mati ya yi shekaru bai zo ba. Ta ce a duba dai. Muka fita muka tarar da jaki a tsaye a gindin ceɗiya, daidai inda ake ɗora masa mangala a da, da dattijo a durƙushe a bayansa ya naɗe jelar a hannunsa. Sai da muka ɓamɓare yatsunsa. Ba takalmi a ƙafarsa, ba mangala, ba gora, leɓɓansa duk sun tsage.

Zazzaɓi mai zafi ya rufe shi, ya yi kwanaki ba ya gane kowa. Mun kira mai allura, Hajiya kuma ta tsaya a kansa da kanta. Ki gafarce mu da ba mu aiko ba. Marigayi mahaifinmu ne ya san sunan garinku, mu Mati mai taki kawai muka sani, daga yamma yake zuwa. Mun sa an yi cigiya a masallatan unguwa ba a dace ba.

Jiya hankalinsa ya dawo, ya ba mu labari. Ya ce ya bi kwatancen ɗansa iyakar ƙoƙarinsa. Duk wanda ya tambaya sai ya nuna masa da hannu, shi kuma ya ce ya gani. Ya kwana a fako, ruwa ya ƙare. Da gari ya waye sai ya saki igiya ya kama jela ya ce wa jakin, "To, na bar maka." A kwari wasu samari sun tare su, suka ƙwace mangala da takalmansa. Suka duba jakin suka ce ba zai kai kasuwa ba. Suka duba idon tsohon, sai ɗayansu ya ce a ƙyale su.

Akwai abin da ya wajaba in sanar da ke. Jakin tun da ya kwanta a gindin ceɗiya bai sake tashi ba. Mun ba shi ruwa da dusa, ya ɗan taɓa. Ranar Asabar ya mutu, muka sa aka fitar da shi bayan gari. Ba mu gaya wa Malam Mati ba. Tun da ya farfaɗo yake tambaya ko an shayar da shi, mu ce an shayar, Allah Ya yafe mana. Mun bar muku wannan magana, ku 'ya'yansa.

Hajiya tana gaishe ki, ta ce gidan nan gidanku ne tun kafin a haife ku. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam Kolo


Zangon Barebari
Lahadi

Yaya,

Salamu alaikum, ina gaisuwa. Baba ya samu sauƙi, yau har ya ci tuwo ya yi mini faɗa a kan na bar aiki. Masaƙa sun ba wani injina. Ba komai, jiya an yi yayyafi a nan, kuma gonar can tana bukatar wanda zai gyara mata layi.

Na kwana biyu ina juya yadda zan gaya masa maganar Auraki. Da safen nan na durƙusa a gabansa, na ce Baba, sai ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Bar shi, Auta. Jakin da bai taɓa fashin kuka da asuba ba, tun da na farfaɗo ban ji shi ba. Ina tambaya ne don mutanen gidan nan su samu abin amsa mini." Ya juya fuskarsa bango, na fita na ba shi wuri.

Can ya kira ni ya ce yaushe za mu tafi. Na ce Talata in Allah Ya kai mu. Malam Kolo ya yi wa wasu masu itace magana, za su ɗora mana masarar mu tafi a ayari, amma ta tsohuwar hanya suke bi. Na ce Baba, ni fa tsoron kwarin nan nake, kuma ban san hanyar ba. Ya ce, "Ni na san ta. Kai dai shiga gaba, ka bar mini bakin rigarka."

Ki tare mu a mararraba. Kada ki cire turken Auraki kafin mu iso, ya ce shi zai cire da hannunsa.

Allah Ya kawo mu lafiya.

Ƙaninki,
Uwaisu